Kafin Ka Ƙirga Kuɗin Kwamfuta: Windows, Mac ko Linux?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau zancenmu a kan sayen kwamfuta yake: wacce ta dace da kai, wace babbar manhaja ce za ta tafiyar da ita, da kuma inda mai neman ta aiki ya rabu da mai neman ta buga gem.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Ɗan yayata ya samu gurbin karatun zanen gine-gine a jami'a. Mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta biyu, ta haɗa da kwasar adashi, ta ce in raka shi ya sayi kwamfuta. Muka shiga wani shago, mai shagon ya ɗauko wata laftof siririya mai sheƙi, ya goge murfinta da gefen rigarsa, ya ɗora yatsa a kan ɗan tambarin da ke manne kusa da madannai. Ya ce, "Alhaji, wannan i7 ce, duk layin nan babu irinta."

Yaron ya dube ni, fuskarsa ta cika da murna. Ya ce, "Kawu, wannan ta yi."

Na ce, "Dakata tukuna. Malamanku wace manhaja suka ce za ku yi aiki da ita?"

Ya zaro takarda daga aljihu ya karanto: AutoCAD da Revit. Na roƙi mai shago ya kunna mana ita. Da muka duba cikinta, sai ga cikakken sunan ƙwaƙwalwarta, i7-4600U, fitowar shekarar 2013, RAM ɗinta kuma gigabait 4 kacal. Mai shago bai yi mana ƙarya ba, i7 ɗin ce kuwa. Sai dai kallon kitse muka kusa yi wa rogo, domin Revit ba za ta motsa a kanta yadda ya kamata ba. A ƙarshe muka ɗauki wata mai kauri, murfinta duk ƙarzuwa, i5 ce amma zubi na takwas, RAM ɗinta gigabait 16. Har muka iso gida yaron bai saki fuska ba. Yau da ita yake zanensa.

Darasin da nake so mu ɗauka daga wannan labari shi ne tsarin tambaya. Mafi yawanmu daga ƙarshe muke farowa: mu ga inji ya burge mu, mu saya, sannan mu fara tunanin me za mu yi da shi. Daidai shi ne ka fara da aikinka. Aikin ne zai faɗa maka manhajar da kake bukata, manhajar ta faɗa maka babbar manhajar da take zama a kanta, ita kuma ta faɗa maka irin injin da za ka nema. A ƙasarmu akwai tambaya ta biyar da ba a tsallake ta: da wace wuta za ka kunna?

To mece ce babbar manhaja? Ka ɗauki kwamfuta a matsayin kasuwa. Ƙananan manhajoji, irin su Word da CorelDRAW da gem ɗin ƙwallo, su ne 'yan kasuwa. Babbar manhaja ita ce sarkin kasuwa. Ita ke raba rumfuna, ita ke cewa wane ne zai fara sauke kaya, ita ke tsaron ƙofa, ita ce kuma ke magana da firinta da lasifika da allo a madadin kowa. Kamar yadda ɗan kasuwa ba ya kasa kaya sai a kasuwar da ya yi rajista, haka kowace manhaja take da babbar manhajar da aka gina ta dominta. Manyan sarakunan kasuwar nan uku ne: Windows, da macOS, da Linux.

Mu fara da Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka, wadda ta fara fitowa a 1985. Ita ce ke kan mafi yawan kwamfutocin ofis da na gida a duniya, kuma ƙarfinta yana cikin wannan yawan. Duk firintar da ka saya, an yi ta da Windows a rai. Duk shagon buga takardu da ka shiga, Word da Excel da CorelDRAW za ka tarar a kanta. Idan ta ba ka matsala, mai gyara yana kusa, ko a titin Beirut da Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja a Legas. Akwai kuma manhajojin sana'a da ba su da wani gida sai ita, kamar Revit ta masu zanen gini da SolidWorks ta injiniyoyi.

Wannan yawan kuma shi ne ya sa ɓarayin intanet suka fi kai mata hari, domin ɓarawo inda jama'a suka taru yake nufa. A nan nake so kowa ya riƙe wata rana: 14 ga Oktoba 2025. A ranar ce Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, wadda ta fito tun 2015. Kwamfutar ba ta daina kunnuwa ba, fayilolinka suna nan. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake aiko mata duk wata. Kamfanin ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi ga masu amfani na gida zuwa 13 ga Oktoba 2026, amma sai wanda ya yi rajista, kuma jinkiri ne kawai.

Kada a ɗauki facin tsaro da wasa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila har asibitoci sai da suka ɗage ganin marasa lafiya. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba su ne abin ya ci. Gidan da aka daina yaɓe katangarsa, damina ɗaya ko biyu sai ka ga ɓaraka.

Magajiyarta, Windows 11, ta fito a Oktoban 2021, kuma tana da sharuɗɗa. Tana bukatar wani ɗan ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan idan ƙwaƙwalwar Intel ce, sai daga zubi na takwas zuwa sama, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan. Mafi yawan kwamfutocin hannu da ke kasuwanninmu daga ofisoshin Turai da Amurka suke zuwa. Idan ofisoshin can suka sallami injinan da ba su cika sharaɗin Windows 11 ba, ku da kanku kun san inda za su nufa. Saboda haka kowa ya koyi karanta lambar nan. Bayan i5 ko i7 akwai ɗan layi, sannan lambobi. Idan ka ga 4600, zubi na huɗu ke nan. Idan 8250 ce, na takwas ne. Idan ta fara da 10, 11, 12 ko 13, to na goma ne zuwa sama. Ita i7-4600U da aka so sayar mana, ma'aikata biyu ne a cikin ƙwaƙwalwarta, i5-8250U kuwa huɗu gare ta, shi ya sa ƙaramin suna ya fi babba aiki. A ɓangaren ƙwaƙwalwar kamfanin AMD, idan laftof ce, ka nemi Ryzen mai lambar 3000 zuwa sama.

Wani zai ce ai ya ga Windows 11 a kan tsohuwar kwamfuta. Gaskiya ne, masu gyara suna da dabarar cusa ta. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan inji sabuntawa ba. Ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ne, lambar ƙwaƙwalwa ce shaida. Haka kuma manhajar sata da ake loda wa mutane a shago, wadda ake cewa an fasa ta. Kafin ta yi aiki sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfutar, ka ga ke nan da hannunka ka buɗe ƙofa, alhali a cikin injin nan kake shiga asusun bankinka.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kamo mu, muna magana ne a kan zaɓen kwamfuta da babbar manhajarta. Mun gama da Windows, yanzu sai Mac.

Kamfanin Apple ne ke ƙera injin, shi ne kuma ke rubuta manhajar, tun Macintosh ta farko a 1984. Tun da tela ɗaya ne ya yanka ya ɗinka, rigar takan zauna daidai. A Nuwamban 2020 Apple ya fara sa wa Mac ƙwaƙwalwar da ya tsara da kansa, mai suna M1, kuma wannan ya sauya lissafi ga mutum irinmu. Injinan suna cin wuta kaɗan, batirinsu yana iya kai ka wunin aiki, kuma MacBook Air mai irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta da fanka ko ɗaya a cikinta, don haka ba ta zuƙo ƙura. Ga wanda wuta ke zuwa masa awa uku a rana, wannan babban abu ne. Mai tace fim yana da Final Cut Pro, mai haɗa sauti yana da Logic Pro, wanda kuma yake son gina manhajar iPhone yana bukatar Xcode, dukkansu ukun babu su a Windows ko Linux.

Amma a auna ɗaya gefen. Kuɗinta da nauyi. RAM ɗinta da rumbun ajiyarta a laftof ɗin zamani a like suke, abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe. Idan allo ya fashe, kuɗin canjinsa kan girgiza aljihu, kuma ba kowane mai gyara ne ke taɓa ta ba. A da, masu Mac mai ƙwaƙwalwar Intel suna iya raba rumbu su ɗora Windows a gefe ta hanyar Boot Camp, amma a kan M1 da ƙannenta wannan hanya ta rufe. Sannan a 2025 Apple ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau Mac mai Intel. Duk wanda aka tallata wa tsohuwar MacBook mai Intel da araha, ya san ranarta ta yi yamma.

Gargaɗi na musamman ga mai sayen Mac ta hannu: akwai kullen da ke ɗaure injin da asusun mai shi na farko. Idan bai cire asusunsa ba, ranar da ka goge ta za ta tsaya tana neman kalmar sirrinsa, kai kuma ba ka san shi ba, ba ka san ƙasar da yake ba. A goge ta a gabanka, a saita ta daga farko, ka shiga da naka asusun, sannan ka miƙa kuɗi.

Na uku ita ce Linux, wadda da yawanmu ba su san sunanta ba alhali tana aljihunsu, domin a kan ginshiƙinta aka gina Android. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991 yana ɗan shekara 21, ya sake ta kyauta, kowa ya duba cikinta, kowa ya gyara. Tun daga ƙarshen 2017, manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukkansu Linux ce ke tafiyar da su. Tana zuwa iri-iri. Akwai Ubuntu, wadda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya ƙaddamar a 2004, sunan ma daga harsunan Zulu da Xhosa aka ɗauko shi, ma'anarsa mutuntaka. Akwai Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da Windows, don haka ta fi sauƙi ga sabon shiga. Ba kuma abin 'yan gwaji kaɗai ba ce, domin a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Na ga amfaninta a unguwarmu. Shugabar wata makarantar Islamiyya ta aiko mini da tsohuwar laftof ɗinsu, wadda ta haura shekara goma. Ta ce, "Malam, idan na kunna ta, sai in je in zaga azuzuwa in dawo ba ta gama tashi ba. Ko dai mu haƙura da ita?" Na tambaye ta aikin da suke yi da ita. Ta ce jerin sunayen ɗalibai, da sakamakon jarrabawa, da wasiƙun iyaye, wani lokaci da rubutun Larabci. Muka cire tsohon rumbunta mai faifai muka sa SSD, muka hure ƙurar da ta toshe fanka har ta zama kamar auduga. Na ɗora Linux Mint a kan filash, muka kunna ta daga filash ɗin ba tare da mun goge komai ba, muka jona firintar makaranta, takarda ta fito. Sai da muka ga haka sannan muka girka ta. Yanzu kafin Malama ta gyara zama ta tashi, kuma facin tsaro yana zuwa mata ba tare da an biya ko kwabo ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta. Photoshop da Premiere da CorelDRAW da AutoCAD babu su a Linux, haka Microsoft Office da ake girkawa a kan inji. Akwai madadinsu na kyauta: LibreOffice don rubutu da lissafi, GIMP da Inkscape don hoto da zane, Kdenlive don bidiyo. Amma takardar da aka ƙawata a Word takan ɗan goce idan aka buɗe ta a LibreOffice, kuma mai shagon da abokan cinikinsa ke kawo masa fayil ɗin CorelDRAW kullum, madadi ba zai fisshe shi ba. Masu gyaran da suka san Linux ma ba su da yawa tukuna. Ta fi dacewa da mai rubutu da bincike, da ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja, da duk mai tsohon inji mai lafiya da Windows 11 ta ƙi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kalma ɗaya a kan Chromebook, domin tana yawo a kasuwa da araha mai jan hankali. An gina ta ne don aiki a kan intanet, ba ta ɗaukar manhajojin Windows, rumbunta ƙarami ne, kuma kowacce tana da ranar da Google zai daina sabunta ta. Iyaye da yawa sun saya wa 'ya'yansu a zaton laftof ce irin wadda suka sani. A tambaya kafin a biya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu sai 'yan gem, na san tun ɗazu kuke jira.

A fagen gem, Windows ce ke riƙe da kambu. Ƙididdigar da dandalin Steam ke fitarwa duk wata tana nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wasa a can Windows suke amfani da ita. Mac tana da ƙarfin inji, amma manyan wasanni da yawa ba a fitar da su dominta. Linux kuwa ta yi tafiya mai nisa. A 2018 kamfanin Valve, mai Steam, ya fitar da wata gada mai suna Proton da ke sa dubban wasannin Windows su yi aiki a Linux, a 2022 kuma ya fitar da Steam Deck, na'urar gem ta hannu da ke tafiya a kan Linux. Inda gizo ke saƙar shi ne wasannin gasa ta intanet. Suna zuwa da manhajar kama masu maguɗi da ke shiga can cikin babbar manhaja, kuma da yawansu ba su yarda da Linux ba. Fortnite da Valorant da sababbin Call of Duty suna cikin wannan sahu, haka EA Sports FC, wato FIFA ta da kafin a sauya mata suna a 2023. Idan ɗayan waɗannan ne burinka, zance ya ƙare, Windows ce taka.

A injin gem, katin hoto ne gaba da komai, domin shi ke zana duk abin da ke motsi a allo sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Iri biyu ne. Akwai wanda ke haɗe cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana aron RAM ɗinta, wannan ya isa kallon bidiyo da tsofaffin wasanni da marasa nauyi. Akwai kuma mai zaman kansa, na Nvidia ko AMD, mai nasa ma'ajin. A nan ake yawan ruɗar matasa. Sai a ce maka, "Tana da gig 8 na hoto," alhali aro ne daga RAM. Ka danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, ka shiga shafin da ke nuna aikin inji, ka duba sunan katin, ka nemi inda aka rubuta Dedicated. Wannan adadin ne nasa na kansa. Gigabait 4 shi ne matakin shiga, 6 zuwa 8 ya fi kwanciyar hankali, RAM kuma 16.

Sannan ka yi lissafin abin da zai biyo bayan saye. Manyan wasannin zamani wasunsu sun haura gigabait 100, ban da sabuntawar da ke zuwa a kai a kai, ka kwatanta wannan da kuɗin data. Laftof ɗin ofis takan wadatu da caja mai wat 45 zuwa 65, ƙaramar sola ma ta riƙe ta. Laftof ɗin gem cajarta kan kai wat 150 zuwa sama da 200, kuma idan ka cire ta daga wuta ƙarfinta yakan ragu, batirin kuma ba ya jimawa. Kwamfutar tebur ta gem tana iya jan wat 300 zuwa 500 idan wasa ya yi zafi, kuma da an ɗauke wuta ta mutu nan take, sai da inbata ko UPS. Amfanin ta tebur shi ne ta fi araha idan aka kwatanta ƙarfi da ƙarfi, ta fi samun iska, kuma kana iya canza mata kati bayan shekara biyu ba tare da ka sayi sabuwa ba. Wanda kuwa ƙwallo kaɗai yake so ya buga da abokai, ya yi tunanin PlayStation, sannan ya sayi laftof mai sauƙi don karatu. Sau da yawa hakan ya fi a nemi inji ɗaya ya yi komai.

Zafi da ƙura su ne manyan abokan gabar injinanmu. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai, kwamfuta da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, domin ta ƙasa take shan iska. Bayan kowane hunturu a kai ta a buɗe a share fanka.

Iyaye, ku ma ga taku. Katin hoton da yaro ke nema don gem, shi ne dai ake tace bidiyo da shi, shi ake zanen gini da shi, shi ake koyon Blender da shi, manhajar kyauta ta haɗa hotuna masu motsi. Idan kuna da halin saye, ku ɗaura sharaɗi tun ranar farko: lokacin salla da na karatu da na barci ba a taɓa su, kuma a koyi sana'a ɗaya da injin.

Kafin mu rufe, ga abin da za ka yi a shago. Ka fi karkata ga injinan da aka ƙera don ofis, irin su ThinkPad ta Lenovo, da Latitude ta Dell, da EliteBook ta HP, domin suna da ƙwari kuma kayan gyaransu suna samuwa. Ka tabbatar rumbun SSD ne. Kada RAM ya gaza gigabait 8. Ka cire caja ka zauna da ita minti ashirin ka ga yadda batiri ke sauka. Ka buɗe farin shafi ka duba tabo a allo, ka danna kowane madanni, ka gwada kyamara da lasifika da kowace kafar filash. Ka sa a shiga saitin BIOS a gabanka don ka tabbatar babu kalmar sirrin wani kamfani a kai. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, injin da ya fito daga Faransa jerin madannansa AZERTY ne, na Ingila da Amurka kuwa QWERTY, kowa ya zaɓi wanda hannunsa ya saba da shi. Mai rubutun Hausa kuma ya sani, Windows da Linux duk suna da tsarin madannai na Hausa mai haruffa masu lanƙwasa, kuma manhajar Keyman ta kyauta tana aiki a kan dukkan ukun. A karɓi rasit mai lambar inji da kwanakin gwaji a rubuce.

Ga hukuncina a taƙaice. Mai shagon buga takardu, da ɗalibin zanen gini ko injiniyanci, da ɗan gem mai gasa ta intanet, su nemi Windows 11 a kan injin da ya cika sharaɗinta. Mai tace fim ko sauti da ke da hali, kuma wuta ke ba shi wahala, Mac mai ƙwaƙwalwar M za ta biya shi. Mai tsohon inji mai lafiya, wanda aikinsa rubutu ne da bincike, ya gwada Linux daga filash kafin ya yi tunanin zubar da shi. Wanda kuma har yanzu yake kan Windows 10 yana shiga banki da ita, kada ya bar wannan wata ya wuce bai yanke shawara ba.

Kuɗin kwamfuta a gidajenmu gumin shekara ne, wani lokaci tumakin uwa ne. Daren yau ka ɗauki takarda ka rubuta ayyuka uku da za ka yi da ita, ka rubuta sunan manhajar kowane aiki, ka sa takardar a aljihu ranar da za ka kasuwa, ka kuma tafi da wanda ya sani. Matambayi ba ya ɓata.

A nan za mu dasa aya.

(Kiɗan rufe shiri)